Ruwa garau, amma kifin ado na mutuwa: ina matsalar take?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman taimako. Maigida ya sayo wa yara akwatin gilashi na kifin ado, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, da kifin zinariya guda shida. Akwai ƙaramar matata mai soso a ciki, da fitila. Mun shiga sati na uku ke nan. Biyu sun mutu, huɗun da suka rage kuma sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki kamar masu haki, ɗaya ma jelarsa ta yi jajayen layuka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan garau yake. Duk Juma'a nakan kwashe kifin in zuba a roba, in zubar da ruwan duka, in wanke gilashin da tsakuwar da soson tas, in cika da sabon ruwan famfo. Me ya rage ban yi ba? A Kano nake.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya cuta ce suka zo da ita daga wajen mai sayarwa. Ki sake wanke komai da ruwan zafi da gishiri, ki sayi shuɗin maganin nan na cutar kifi ki ɗiga musu. Haka nake yi wa nawa a Kaduna.

Malama Ummu Aisha:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Hanif, don Allah dakata da wankin nan tukuna, kada ki sake taɓa soson. Abban Sadiq, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan shawarar ba, kuma zan faɗi dalili.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa shi ma yana ƙara ta. Amoniya guba ce, kuma ba ta da launi, don haka ruwa zai iya zama garau alhali cike yake da ita. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matata da tsakuwa. Kashi ɗaya na mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wani kashin kuma ya mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta cutarwa sai ta taru da yawa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa zuwa tare da akwatin daga kanti. A hankali suke yaɗuwa, yawanci sati huɗu zuwa shida kafin su kai yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifin.

To kin ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da suka fara kafuwa, sai ranar Juma'a ta zo a wanke su da ruwan famfo mai kulorin, a koma farko. Akwatinki kullum sabo yake, shi ya sa gubar ke taruwa. Hakin da suke yi a sama da jajayen layukan jela duk alamun da aka sani ne na amoniya da naitirait.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Ke nan tsaftar ce ke cutar da su? To Malama yanzu me zan yi a daren nan?

Malama Ummu Aisha:
Abu uku. Ki daina ba su abinci na kwana biyu ko uku, ba abin da zai same su, kifi na jure yunwa fiye da yadda yake jure gurɓataccen ruwa. Ki cire kamar rabin ruwan da tiyo ba tare da kin fitar da kifin ba, ki mayar da ruwan da aka cire wa kulorin wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki. Gobe ki sake cire kashi ɗaya cikin uku, jibi ma haka, har su daina haki. Sannan ki ɗaga bakin matatar yadda ruwan da take fesowa zai riƙa motsa saman ruwan, ta nan iska ke shiga.

Abban Sadiq:
Malama ina girmama iliminki, amma ni na daɗe ina wanke nawa gaba ɗaya kuma suna nan da ransu. Ba komai ne sai an shigo da kimiyya ba.

Malama Ummu Aisha:
Wane kifi ne da kai, guda nawa, kuma lita nawa akwatin ke ci?

Abban Sadiq:
Gofi ne ƙanana guda biyar, akwatin ya kai mita ɗaya.

Malama Ummu Aisha:
To ai ga amsar nan. Akwatinka ya haura lita 100, kifinka kuma ƙanana ne, dattin da suke fitarwa bai kai ya cika ruwan da guba ba kafin ka canza. Nata kuwa, 60 sau 30 sau 30 a raba da 1000, lita 54 ke nan, in ka cire tsakuwa da ratar sama bai fi 45 ba. Kifin zinariya shida a ciki, kuma suna cikin kifayen ado da suka fi ci da kashi. Yawan ruwa ne ya rufa maka asiri, ba wankin ba.

Malam Mai Tarwada:
Salamu alaikum. Ni ba kifin ado nake kiwo ba, tarwada nake yi a kududdufin siminti a Zariya, amma ruwa duk ruwa ne. Maganar Malama gaskiya ce. Mu ma in muka ga kifi ya tsaya a sama ya ƙi cin abinci, ruwan muke fara tuhuma kafin cuta. Sai dai ina jan hankalin masu zuwa wajenmu neman shawara: kada ku kwatanta kifinku da namu. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe wani kifin cikin dare ɗaya. Na sha ganin wanda ya ɗauki dabarar masu tarwada, ya fasa kafson maganin mutane mai kashe ƙwayoyin cuta ya zuba wa kifin ado. Wannan maganin ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwaya mai amfani, duka yake kashewa, sai matatar ta zama soso kawai.

Malama Ummu Aisha:
Allah ya saka da alheri Malam. Shuɗin maganin da Abban Sadiq ya ambata shi ma haka yake yi wa matata. Yana da amfaninsa, amma a roba daban ake sa kifin da ba shi da lafiya a yi masa, ba a babban akwati ba.

Alhaji na Fagge:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a kan ruwan famfo, tunda nan ne da yawa ke faɗuwa. Ruwan da gwamnati ke turowa ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne ga mutum, amma yana ƙona wurin numfashin kifi. Tun da can abin da muke yi shi ne a tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ko baho ya kwana ɗaya ko biyu, kulorin ɗin ya fice da kansa. Maman Hanif, ki samu bokiti biyu sababbi da ba su taɓa ganin omo ko sabulu ba, ki ware su don kifi kaɗai, ki gaya wa yara da mai aiki. Sabulu kaɗan ya isa ya yi ɓarna.

Ɗan Borno:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai ƙarin bayani. Akwai wani nau'in da ake kira kuloramin, kulorin ne haɗe da amoniya, wasu ma'aikatun ruwa a duniya da shi suke aiki, kuma shi ba ya ficewa don an ajiye ruwa ya kwana. Shi ya sa ni na fi natsuwa da ruwan maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi, irin su Seachem Prime. 'Yan ɗigo kaɗan ne a bokiti, nan take ya gama aiki, kwalba ɗaya kuma tana daɗewa.

Alhaji na Fagge:
Na karɓa ɗana. Wanda ke da hali ya saya. Wanda ba shi da shi, ajiye ruwa ya fi zuba shi kai tsaye nesa ba kusa ba.

Maman Hanif:
Baba gaskiya famfon namu ba kullum yake zuwa ba. In bai zo ba wajen 'yan garuwa muke saya, wani lokacin kuma in ruwan ya zo da laka ina sa alif ya kwanta. Ko in koma ruwan leda ne kawai in huta?

Malama Ummu Aisha:
Ruwan da aka sa wa alif kada ya shiga akwatin. Alif yana ƙara wa ruwa tsami, kuma sinadarin alminiyon da ke cikinsa yana cutar da kifi in ruwan ya yi tsami. In ruwa ya zo da laka, ki bar shi ya kwanta da kansa ki tsiyaye na sama.

Na 'yan garuwa kuma tambaya biyu za ki yi: daga ina aka ɗebo, kuma me jarkar ta taɓa ɗauka. In daga burtsatse ɗaya yake ɗebowa kullum, to madalla, ki riƙe shi. Abin da kifi ya fi ƙi shi ne yau wannan ruwa, gobe wancan.

Hajiya Mai Lalle:
Ni dai ruwan leda nake amfani da shi kuma lafiya lau. Abin da mutum zai sha ai kifi ma zai zauna a ciki.

Ɗan Borno:
Hajiya ba lallai ba ne. Ruwan leda kamfani-kamfani ne. Wani ruwan burtsatse ne aka tace sama-sama, wani an sa masa kulorin, wani kuma an bi da shi ta injin da ke cire kusan duk ma'adinan da ke ciki. Wannan na ƙarshen yana da daɗin sha, amma ba shi da abin da zai riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, sai ka ga ya faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Gofi da moli da kifin zinariya duk sun fi son ruwa mai ɗan ma'adini. Ga kuma kuɗi: lita 15 duk sati leda talatin ke nan.

Hajiya Mai Lalle:
To ni nawa bai taɓa ba ni matsala ba, kuma kamfani ɗaya nake saya.

Malama Ummu Aisha:
Kamfani ɗayan nan shi ya taimake ki Hajiya. Ki ci gaba da shi tunda kifinki sun saba. Amma ba zan ce wa mai sabon akwati ta bi wannan hanyar ba alhali tana da ruwan da ya fi sauƙi.

Malam Mai Tarwada:
Game da burtsatse, ga abin da aiki ya koya mana. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ba shi da kulorin, amma iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, kuma yana ɗauke da iskar kabon da yawa. In ka zuba kifi a ciki nan take sai su galabaita. Mu muna barinsa ya sha iska tukuna. Wani kuma za ka ga ya fito fari tas, bayan awanni ya koma ja-ja, wannan ƙarfe ne a ciki, a bar shi ya kwanta a tace. Rijiyar gida kuwa, in tana kusa da masai ko sokawe, tana iya zuwa da naitiret tun daga tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ga ruwan sha, masu kifin ado kuma suna son nasu ya tsaya ƙasa da 40, in da hali ma ƙasa da 20. In ruwan da kake canzawa da shi ya riga ya kai haka, canjin ba zai rage komai ba.

Abban Sadiq:
To duk wannan lissafin da me mutum zai auna? Kayan gwajin nan tsada gare su, kuɗinsu ya fi na kifin.

Malama Ummu Aisha:
Gaskiya ne suna da tsada, ban musa ba. Amma ba tare da su ba lalube ake yi a duhu. Akwai na ɗigo, irin akwatin gwaji na kamfanin API mai auna pH da amoniya da naitirait da naitiret, shi ya fi inganci kuma yana yin gwaji da yawa. Akwai na takarda da ake tsomawa, ya fi araha amma bai kai shi daidaito ba, kuma da yawansu ba sa auna amoniya, sai an duba kwalin. Mutum uku ko huɗu a unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Abin da ake nema: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kaɗan. Kuma ga dalilin da ya sa pH ke da muhimmanci. Amoniya kashi biyu ce a ruwa, mai guba sosai da mai sauƙi, kuma pH da zafi ne ke raba su. A zafin digiri 25, in pH na 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH ya kai 8, ta haura kashi 5. Kusan ninki goma ke nan daga hawa mataki ɗaya. In zafi ya ƙaru, ta ƙara hawa.

Ɗan Borno:
Zafin nan shi nake so mu tsaya a kai, domin yawancin abin da ake karantawa a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, su damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa. Mu a Maiduguri, haka ma Kano da Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ruwan akwati a ɗaki yana iya wuce 30. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kamar miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kamar 7 da rabi. A daidai lokacin jikin kifin ya fi buƙatar iska, ya fi fitar da datti, amoniyar ta fi guba. Kifin zinariya kuma asalinsa na ruwa mai sanyi-sanyi ne, ya fi walwala a wajen digiri 18 zuwa 24. Malama tana Jos, ita yanayi na taimakonta. Mu sai da dabara.

Abin da nake yi: in buɗe murfin, in sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, yana sauke digiri biyu ko uku. In kashe fitilar da rana. In zafi ya tsananta in sa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi yawo a sama, ba a zuba ƙanƙara tsirara ba, saukar zafi farat ɗaya ita ma illa ce. Kuma kada a ɗebi ruwan canji daga tankin roba na saman rufi da rana tsaka, da asuba ake ɗiba.

Maman Hanif:
Wallahi nan ma akwai matsala, domin wuta takan ɗauke tun safe har dare, matatar ta tsaya cak.

Ɗan Borno:
To wannan ma na cikin abin da ke sa su haki. Ƙwayoyin da Malama ta yi bayani su ma da oksijin suke rayuwa, in ruwa ya daina bi ta cikinsu na tsawon awanni sai su fara raguwa. Ki nemi ƙaramin injin iska mai aiki da batir ko mai igiyar USB, wanda za ki jona da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Ba ya cin wuta. In kika haɗa shi da matatar soso mai aiki da iska, kin sami iska da tacewa a lokaci guda ko babu wutar NEPA. A ganina duk mai kifin ado a ƙasar nan wannan ya kamata ya fara saya kafin fitila mai launi da furannin roba. Kafin ki samu, in wuta ta ɗauke, ki riƙa ɗibar ruwan da kofi kina zubo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kada ki ba su abinci sai ta dawo.

Masu babbar matata ta waje mai rufi kuma, in ta daɗe a tsaye, ku buɗe ku shinshina kafin ku kunna. In tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ku zubar da ruwan cikinta, kada ya koma akwati.

Alhaji na Fagge:
Ƙari a kan haka: maganin sauro. Na fesawa da fiya-fiya duk suna kashe kifi da ɗan kaɗan. In za a fesa, a rufe akwatin da leda ko jiƙaƙƙen tawul, a kashe injin iska don kada ya zuƙo maganin ya tura cikin ruwa, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Hannun da aka shafa wa mai ko turare shi ma a wanke da ruwa zalla kafin a tsoma.

Hajiya Mai Lalle:
Gishirin da Abban Sadiq ya ce fa? Ni ma na ji ana sawa.

Malama Ummu Aisha:
A nan yana da gaskiya, amma ba don wanki ba. Naitirait tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, har wurin numfashin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Gishiri yana tare mata hanyar shiga. Giram 1 a kowace lita ya wadatar, a narkar da shi a kofi tukuna a zuba a hankali. Kifin zinariya da gofi da moli suna jure wannan. Tsirrai masu rai da wasu ƙananan kifayen ƙasa marasa ɓawo ba sa so. A tuna kuma gishiri ba ya bin tururi, in ruwa ya ragu don zafi aka ƙara, ba a ƙara gishiri. Sai in an cire ruwa da tiyo, a mayar da na adadin da aka cire. In akwati ya daidaita a daina sawa.

Abban Sadiq:
To Alhamdu lillahi, ko ba komai an karɓi rabin maganata. Amma ina da tambaya ta gaske. Ƙanina yana da akwati ya fi wata shida bai canza ruwa ba, ƙari kawai yake yi in ya ragu. Ranar da ya canza duka, washegari kifin suka mutu. In canjin ruwa alheri ne, me ya kashe su?

Malama Ummu Aisha:
Tambaya mai kyau. Ƙari ba canji ba ne, ruwa ne kaɗai ke tashi, datti na nan yana taruwa, musamman da hunturu da iska ke bushe. Tsohon ruwa irin wannan naitiret ɗinsa ta yi yawa, pH ɗinsa ya faɗi ƙasa sosai, kifin kuma sun saba da shi a hankali. Da aka zuba sabo gaba ɗaya, komai ya sauya musu cikin minti kaɗan, in kuma akwai amoniya a tsakuwa, hawan pH ya mayar da ita mai guba. Akwatin da aka daɗe ba a kula da shi ba, kashi 10 cikin 100 ake fara cirewa kowace rana ko bayan kwana biyu, har ruwan ciki ya kusanci na waje. Na Maman Hanif daban ne, ruwanta bai tsufa ba, shi ya sa na ce ta cire rabi.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire rabin ruwan da wanda ya kwana a baho, na ɗaga matatar. Uku sun sauka ƙasa suna yawo, ɗayan yana sama har yanzu. To soson fa, ba za a taɓa wanke shi ba ke nan?

Malama Ummu Aisha:
Za a wanke, amma sai kin ga ƙarfin ruwan ya ragu. Ki matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da kika ciro daga akwatin, ki mayar. Launin ƙasa-ƙasan da yake yi ba abin ƙyama ba ne. In ya tsufa za a canza, a raba shi biyu a canza rabi, bayan wata guda a canza ɗayan. Tsakuwa kuma tiyo za ki riƙa cusawa a ciki yana zuƙe dattin yayin canjin ruwa. In komai ya daidaita, kashi ɗaya cikin huɗu duk sati ya isa. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma mutum ɗaya ya riƙe gwangwanin, domin a gidan yara kowa so yake ya ba su.

Nan da 'yan kwanaki kina iya ganin ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Kada ki tsorata ki koma wanki, yakan faru a sabon akwati kuma yana washewa da kansa. In kore ya yi, hasken rana ne ya yi yawa, a janye shi daga taga.

Sai magana mai ɗan ɗaci: ko huɗun nan sun yi wa lita 54 yawa. Kifin zinariya na kai santimita 15 zuwa 20, wasu su wuce. Ki fara tunanin babban akwati, ko ki ba da biyu ga mai wuri.

Alhaji na Fagge:
'Yata, akwatina ya yi shekaru yana aiki kuma kifina lafiyarsu ƙalau. Ki turo yaro da leda mai tsafta in yanko miki rabin sosona a cikin ruwansa, ki cusa kusa da naki a matatar. Zai rage miki jiran makonnin nan sosai. Sai dai ya taho da shi kai tsaye, kada ya bushe kuma kada ya tsaya da shi a rana.

Maman Hanif:
Allah ya ƙara girma Baba, zan yi magana da maigida ya zo da kansa bayan la'asar.

Ɗan Borno:
In ya zo ya duba irin injin iskar da Baba ke amfani da shi, don ya san abin da zai tambaya a kasuwa. A haɗa da ma'aunin zafi na manna wa gilashi, ba shi da tsada.